Batirin mota ba rijiya ba ne: Darasin da na koya a dajin Falgore

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada ta nufi Doguwa ya san akwai wurin da direba ba ya son motarsa ta yi ko da tari, balle ta tsaya. Wurin nan shi ne dajin Falgore, wanda ya yi suna a shekarun baya da ɓarayin shanu da 'yan fashi. A tsakiyar wannan daji motata ta tsaya da ni wata ranar Alhamis cikin kakar bara, ana dab da magariba, hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Sanadin abin wata 'yar na'ura ce da ba ta kai bulon burodi girma ba, wadda ake kira inbata, mai mayar da wutar batirin mota ta zama irin wutar gida. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne fiziks nake koyarwa a jami'a, kuma lissafin da zai hana wannan matsala shi ne wanda nake kayar da ɗaliban ajin farko a kansa duk shekara.

Ga yadda abin ya faru. Zan je ƙauyenmu da ke ƙasar Doguwa duba girbin masara, ga kuma kundayen ɗalibai da nake so in duba a kwamfuta, garin kuwa ba a dogara da wutar lantarki. Sai na shiga wani shago a Kano na sayi inbata. A jikin kwalinta an rubuta wat 2000 da manyan baƙaƙe, wayarta kuma irin wadda ake cusawa a ramin kunna sigari ce. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, na biya ina murnar na yi sa'a. Da muka tsaya a Kwanar Dangora, ɗan yayata da ya rako ni ya ɗauko butar dafa ruwa ta lantarki ya jona, wai zai haɗa mana shayi. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba komai ya ɗauke, fiyus ya tsinke. Muka nemo wani mai gyaran wayarin mota a bakin titi, ya duba bai sami irin fiyus ɗin ba, sai ya ce da ni: "Ranka ya daɗe, fiyus ɗin yanzu ba su da ƙarko. Bari in ɗaura maka waya, har ka sayar da motar nan ba za ta sake tsinkewa ba." Na san ba daidai ba ne, amma rana ta yi sanyi, ina so in wuce daji da sauran haske, sai na yi shiru.

Muka ajiye buta, muka jona kwamfuta da fitilu biyu masu caji da wayoyin hannu, da cajar wani batirin sola da zan kai wa mahaifiyata. Mai gyara bai yi ƙarya ba, wayarsa ba ta tsinke ba. Wayar motar ce ta riƙa ɗaukar zafi a ɓoye tun daga Kiru har muka wuce Tudun Wada, robarta tana narkewa ba mu sani ba. Da na ji ƙaurin roba na ga hayaƙi, na gangara gefe na kashe mota, na buɗe bonet na kwance baƙin kan batir hannuna yana rawa. Allah Ya taimake mu da wani dattijon direban babbar mota da ya tsaya. Ya haska tocila, ya yanke wayar da ta ƙone, ya naɗe sauran da salatif, ya mayar da kan batir, mota ta tashi. Da ya ga tarin kayan da muka jona sai ya girgiza kai ya ce: "Malam, batirin mota randa ce, ba rijiya ba. Abin da inji ya zuba mata shi za ka ɗiba, kuma da moɗa ake ɗiba." Ya biyo bayanmu har muka fita daga daji. Ban tambayi sunansa ba, amma ban taɓa jin wanda ya taƙaita wannan darasi kamarsa ba.

Na ga ya dace in rubuta wannan ne domin na'urar ta yaɗu a kudancin Kano fiye da yadda mutane suka lura. A Bebeji dam ɗin Tiga yake, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, har gwamnatin jiha ta gina tashar lantarki mai megawat 10 a jikinsa, amma ƙauyuka da dama a wannan yanki har yau da batir da janareta da sola suke rayuwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali. Saboda haka mai POS a ranar kasuwa, da mai aski, da mai ɗaukar hoton biki, da dillalin shinkafa a Tudun Wada mai wayoyi uku, da direban da ke kwana a hanya, kowa ya waiwayi batirin mota. Buƙatarsu ta gaskiya ce, kuma inbata tana iya biyanta, idan an san iyakarta.

Lissafin da ba a rubuta a kwali ba

Inbata ba ta ƙirƙirar wuta. Batirin ƙaramar mota yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, mai tafiya hanya ɗaya. Kayan gida a Najeriya suna aiki da bolt 230, wutar da ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Aikin inbata shi ne sauya ta farkon ta koma ta biyun, kuma a wurin sauyin tana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ta mayar da shi zafi.

Manomin rani da ke shan ruwan Tiga zai fi kowa saurin gane sauran bayanin. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne, amfiya kamar yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo, wat kuwa shi ne aikin da ruwan ya yi, wato bolt sau amfiya. Idan turi ya yi ƙasa, sai ruwa mai yawa ya bi tiyo kafin a yi aiki guda. Butar da ke cin wat 1500 tana jan amfiya shida da rabi kacal a soket ɗin gida. A batirin mota kuwa, wannan butar za ta nemi amfiya kusan 150. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka raba wat ɗin kayanka gida goma, abin da ya fito shi ne amfiyar da za a ja daga batir mai bolt 12. A babbar mota mai bolt 24, sai ka raba gida ashirin.

Ramin kunna sigari kuwa, a yawancin motoci fiyus ɗinsa na amfiya 10 ne ko 15, kuma siririyar wayar da ke bayansa daidai wannan aka yi ta. Ke nan iyakar abin da zai ɗauka lafiya bai wuce wat 120 zuwa 150 ba: kwamfuta ɗaya da wayoyin hannu. Kayan da muka jona a ranar sun kusa wat 400, wato amfiya 40 a cikin wayar da aka yi domin 15. Fiyus ɗin da ya tsinke a Kwanar Dangora aikinsa ya yi, an yi shi ne ya mutu domin mota ta tsira. Mu muka cire mai gadi muka bar ƙofa a buɗe. Duk inbatar da aka rubuta wa wat 1000 ko 2000 alhali wayarta ta ramin sigari ce kaɗai, lambar ado ce, ba za ta taɓa ba ka wannan wutar ta wannan hanya ba.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Na farko, lambobi biyu ne a jikin inbata ta gari: abin da take iya ɗauka a kai a kai, da abin da take iya jurewa na ɗan ƙiftawar ido. Masu kwali sun fi son buga ta biyun da manyan baƙaƙe, wadda sau da yawa ninkin ta farko ce. Ta farkon ce taka. Ka haɗa wat ɗin kayan da za ka jona lokaci guda, yana rubuce a jikin kowace caja ko a bayan na'ura, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ka nemi inbatar da lambarta ta kai haka. Duk abin da ke da injin juyawa a ciki, kamar firij da famfon ruwa, yana jan ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Duk abin da aikinsa zafi ne, buta da dutsen guga da hita, ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ba kayan mota ba ne.

Na biyu, inbata iri biyu ce. Akwai mai fitar da wuta sumul irin ta gida, akwai kuma mai araha wadda wutarta ke tafiya a daddatse kamar matakala. Ta biyun tana iya cajin waya da kunna fitila, amma fanka za ta riƙa gurnani a kanta, injin firij ya riƙa zafi, lasifika ta riƙa ƙara, wasu cajoji kuma su lalace. Mai kilifar aski, da mai na'urar buga takardu, da duk mai na'urar asibiti irin ta taimaka wa numfashi, kada su kusanci mai daddatsewar. Araha ba ta ado.

Na uku, a duba bolt na shiga da na fita. Inbatar bolt 12 ba ta zama a babbar mota mai bolt 24, za ta ƙone nan take. Sannan kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka bolt 110 zuwa 120 suke fitarwa, domin shi ne tsarin wutarsu. Haka ma soket ɗin da ke zuwa a jikin wasu motocin da aka yi domin kasuwar Amurka, irin wasu Toyota Sienna da suka cika tashoshinmu. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna karɓar kowanne, an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu, amma fanka da sauran kayanmu na 230 ba za su yi aikin kirki ba.

Na huɗu, a tabbatar tana kashe kanta idan kaya sun yi mata yawa, ko ta yi zafi, ko batir ya yi ƙasa. A kuma ɗaga ta a ji nauyi, a duba ko akwai sunan kamfani da takardar bayani, a gwada ta a shago da kayan da za a yi amfani da su, a karɓi rasit.

Kafin duk wannan ma, mutum ya tambayi kansa ko yana buƙatarta. Wayar hannu da na'urar POS da fitilar caji duk wuta mai tafiya hanya ɗaya suke ci. Idan ka bi ta inbata, ka ɗaga wutar zuwa 230 ne, cajarka ta sake sauke ta zuwa bolt 5, ka yi asara sau biyu. 'Yar cajar mota ta USB mai kyau ta ishe su, kuma akwai irinta ta kwamfuta, akwai fanka da ƙaramin firij masu aiki da bolt 12 kai tsaye. Da na yi wannan tunani a shago, da ban sayi komai ba sai caja.

Yadda ake ɗaura ta

Duk inbatar da za ta ɗauki fiye da wat 150, kai tsaye ake haɗa ta da batir, da waya mai kauri kuma gajera. Mai wat 1000 tana son wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 25 zuwa 35, kusan kaurin ƙaramin yatsa idan an haɗa da robarta, tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi. A kankare bakin wayar a gani, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa ruwan tagulla, cikinta fari ne, kuma ta fi saurin zafi. A sa fiyus a jikin jar wayar, dab da kan batir, tazarar da ba ta wuce taƙi guda ba. Dalili kuwa, idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir yana iya sakin ɗaruruwan amfiya lokaci guda, wayar ta yi ja kamar garwashi. Inda wayar za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. A kwance baƙin kan batir kafin a fara aiki, a mayar da shi a ƙarshe, a ɗaure kawuna tamau, domin sako-sakon haɗi shi ke haifar da zafi. Kada a juya ja da baƙi. Idan fiyus ya tsinke, a nemi dalili, a sa mai lamba irin tasa. Waya ko takardar kwalin sigari ba fiyus ba ne.

Wurin ajiye ta ma abin lura ne. Tana son iska. Ba a sa ta a cikin bonet, ba a rufe ta da darduma ko buhu, ba a barinta a kan dashbod a zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai maki 40 a waje, cikin rufaffiyar mota kuma ya fi haka nesa. Ƙurar hunturu tana toshe fankarta, a riƙa hure ta. Mafi haɗari shi ne al'adarmu ta ɗaukar jarkar fetur a but saboda tsadar mai a ƙauye. Inbata tana yin tartsatsi, tururin fetur kuwa tartsatsi ɗaya yake jira. Shi kansa batir yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, don haka ba a kunna ashana ko sigari a kansa.

Randa da moɗa

Mu koma ga maganar dattijon nan. Batirin ƙaramar mota yawanci yana ɗauke da abin da zai ba da amfiya 60 zuwa 75 na awa guda. Kayan wat 100 suna jan amfiya 10, ke nan cikin awa uku an kusa kwashe rabin randar. Batirin mota kuwa an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, nan take altaneta ta mayar masa. Idan ana yawan kwashe shi, cikin 'yan watanni zai mutu. Kada kuma a dogara da ƙarar gargaɗin inbata, domin da yawa sai batir ya sauka wajen bolt 10 da rabi suke ɗaukewa, a lokacin kuwa mota ba za ta tashi ba. Mai giyar hannu a tura shi. Mai otomatik sai ya zauna jiran wanda zai ja masa wuta, kuma akwai wuraren da ba a son zaman jira.

Idan inji yana aiki, altaneta ce ke ɗaukar nauyin, ita ma da iyakarta. A ƙananan motoci tana ba da amfiya 70 zuwa 120 idan ana gudu, ƙasa da haka sosai idan mota tana tsaye, kuma daga ciki fitilu da na'urar sanyaya mota da injin kansa suke ci. Wanda ya ɗora mata wat 1000 na tsawon lokaci, ita zai fara binnewa. Barin mota a kunne a tsaye kuma yana cin tsakanin rabin lita da lita guda a awa, domin wutar da faifan sola ɗaya zai bayar kyauta. Saboda haka shawarata ga mai shago da mai cajin waya da mai aski, wanda a wuri ɗaya yake sana'arsa, ya tara kuɗi ya sayi faifan sola da batirin da aka yi domin a riƙa kwashewa ana cikawa. Inbatar mota ta matafiyi ce.

Akwai haɗari uku da suka shafi rai kai tsaye. Wutar da ke fita daga inbata bolt 230 ce, tana kisa kamar ta gida, kasancewarta daga batir ba ya rage mata komai. A nisanta ta da yara, da jiƙaƙƙen hannu, da wayar da aka ja a ƙasa a filin kasuwa da damina. Na biyu, kada a bar mota a kunne a gareji ko zaure ko kusa da tagar ɗakin kwana. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce ke kashe iyali guda cikin barci idan an kwana da janareta a ɗaki. Na uku, kada a jona inbata a soket ɗin bango domin a haska gida. Wutar tana iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke saman turke yana zaton babu wuta, idan kuma aka kawo wuta, inbatar ta kama da gobara.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mai saye shi kaɗai. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ita ke da alhakin duba abin da ke shigowa kasuwa, ya kamata ta waiwayi na'urorin da lambar kwalinsu ta saɓa da abin da ke ciki. Ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW suna da rassa a tashoshinmu, za su iya mayar da ɗaura waya a madadin fiyus abin kunya a tsakanin 'ya'yansu. Tukunyar kashe gobara da jami'an FRSC ke tambaya a hanya, mu daina ɗaukarta a matsayin kayan nuna wa jami'i, mu duba ko tana aiki, mu koyi buɗe ta. Mu kuma malaman jami'a da na kwalejojin fasaha, akwai bashin al'umma a kanmu. Yaron da ya ɗaura mini waya ba mugu ba ne, abin da ya gani a wurin ubangidansa ya yi, kuma ba wanda ya taɓa zama da shi ya bayyana masa da Hausa abin da fiyus yake yi. Kwana guda na bita a Tudun Wada ko Kwanar Dangora zai hana gobarar da ba mu san adadinta ba.

Yanzu a motata akwai ƙaramar inbata mai wat 150, da cajar USB, da 'yar leda cike da fiyus iri-iri a aljihun gaba, da sifana mai lamba 10 ta kwance kan batir. Wayar da ta ƙone kuwa na ajiye ta a ofis. Duk shekara idan na zo darasin wat da amfiya, sai in ɗora ta a kan tebur, in ba ɗalibai labarin malaminsu da ya san lissafi amma gaggawa ta hana shi aiki da shi. Suna dariya, amma ba wanda ya sake faɗuwa wannan tambaya.

Allah Ya saka wa dattijon direban nan da alheri a duk inda yake, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya kai kowa gida lafiya.